Kurman jirgi ya shigo gari: a san ƙwaƙwalwarsa kafin a zuba masa jari

Duk wanda ya halarci wani babban taro a Maradi cikin ƴan shekarun nan, ɗaurin aure ne ko hawan salla ko walimar saukar karatu, da wuya a ce bai ji wani ƙugi kamar na taron zuma bisa kansa ba. In ya ɗaga kai sai ya ga wani ɗan abu mai hannu huɗu tsaye cikin iska yana ɗaukar hoton jama'a, can gefe kuma ga wani saurayi riƙe da rimot ya ƙura wa salula ido. Wannan shi ne abin da ake kira kurman jirgi, wato jirgi maras matuƙi, kodayake wanda ya ji ƙararsa a kusa zai yi mamakin wannan suna.

Abin da ya sa muka kawo zancensa a wannan shafi shi ne, maganar ta fara shafar aljihun ƴan kasuwa. Akwai alhazan da ke tunanin saka shi cikin kayan da suke saro wa daga Kano ko Dubai ko ƙasar Sin. Akwai kuma iyaye mata da ɗiyansu ke matsa musu a kan in sun kwashi adashi su saya musu, wai da shi za su kama sana'ar ɗaukar hoton biki. Sana'a ce ta gaskiya kuma ana samu, to amma jirgi mai kamara ta kirki wani ya kai kuɗin sabon babur, wani ma ya wuce. Babur in ya faɗi akan tashe shi a kaɗe ƙura a ci gaba da tafiya. Jirgin da ya faɗo daga mita 50 kuwa, sai dai a zo da kwando a tsince shi. Kuma yawancin faɗuwar da ake yi a makon farko, asalinta wani ɗan allo ne da ke cikin cikinsa wanda ba a saita shi daidai ba, ko kuma ba a fahimci abin da yake faɗi ba. Wannan allo shi ne ƙwaƙwalwar jirgin.

Daga ina abin ya taso?

Mu a Nijar mun fara jin labarin kurman jirgi ne ta hanyar soja. Amurka ta yi sansanin irin waɗannan jirage a Agadas, wanda ta fice daga cikinsa a watan Agusta na 2024. Waɗancan manya ne masu fukafukai kamar jirgin fasinja. Wanda muke magana a kansa shi ne ƙaramin, mai farfela huɗu ko shida, wanda ake sawa cikin jaka a rataya.

Iri biyu ne ake samu. Akwai wanda ke zuwa a haɗe daga kamfani, mafi shahara shi ne na kamfanin DJI da aka kafa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2006, wanda ya fitar da samfurin Phantom a 2013, daga nan abin ya bazu duniya. Akwai kuma wanda mutum ke sayen kayansa ɗai-ɗai, ƙarfen jiki da injina da farfela da ƙwaƙwalwa, ya zauna ya haɗa da hannunsa kamar yadda masu gyaran salula ke yi da dalma. Na biyun ya fi wahala, amma shi ne wanda in ya lalace ake iya gyara shi a gida, kuma shi ke koya wa yaro ilimi.

Tarihin ƙwaƙwalwar ma abin ƙarfafa guiwa ne ga matasanmu. Manhajar da ake kira ArduPilot, wadda dubban masu haɗa jirgi ke aiki da ita kyauta, tushenta yana komawa ga 2007, kuma cikin waɗanda suka fara ta akwai wani saurayi ɗan ƙasar Meziko mai suna Jordi Muñoz, wanda a lokacin bai da takardar jami'a. Da kayan da ya ciro daga abin wasan yara na talabijin ya sa ƙaramin jirginsa ya daidaita kansa. Shi da wani ɗan jaridar Amurka, Chris Anderson, suka kafa kamfanin 3D Robotics a 2009. Allon da ake kira Pixhawk kuma ya samo asali ne daga aikin ɗalibai a wata jami'a ta birnin Zurik a ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Lorenz Meier. Akwai kuma Betaflight, wadda masu tseren jirage suka fi so.

A nan gida ma muna da misali. A Yamai, Aziz Kountché, wanda ya koyi ƙera jirgi da ƙoƙarin kansa, ya kafa kamfanin Drone Africa Service. A 2016 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta yi aiki da jirgin da ya ƙera wajen ɗaukar taswirar sansanonin Sayam Foraj da Kabalewa a jahar Diffa. Ke nan ba a ce ɗan Nijar ba zai iya ba.

Aikin ƙwaƙwalwa

Don a gane aikin wannan allo, a dubi yarinya mai talla da tire bisa kai. Tana tafiya tana magana, ba ta riƙe tiren ba, amma bai faɗuwa, domin wuyanta na gyara zamansa a kowane taku ba tare da ta yi tunani ba. To jirgi mai farfela huɗu haka yake, ba shi da fiffiken da zai riƙe shi, kullum yana kan hanyar kifewa, ƙwaƙwalwar ce ke tare shi. A allon Pixhawk mai aiki da ArduPilot, tana auna zaman jirgin ta gyara gudun injina har sau 400 cikin daƙiƙa ɗaya. Babu hannun ɗan Adam da zai iya wannan.

Injinan huɗu ba gefe ɗaya suke juyawa ba. Biyu na bin juyin hannun agogo, biyu na yin akasinsa, kuma masu kallon juna ta kusurwa su ke tafiya iri ɗaya. Da duka gefe ɗaya suke juyawa, da jikin jirgin ya yi ta wulwulawa kamar katantanwa. In ana son ya yi gaba, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa na baya wuta, ya sunkuya ya tafi. In ana son ya hau, sai ta ƙara wa duka huɗun.

Da me take sanin halin da jirgin ke ciki? Tana da ma'aunai biyar. Na farko yana auna juyi, na biyu yana auna karkata da motsi. Na uku kamfas ne, irin wanda ake neman alƙibla da shi, shi ke gaya mata ina ne arewa. Na huɗu yana auna nauyin iska, da shi take sanin ko ta hau ko ta sauka, domin iska na raguwa in ana yin sama. Na biyar shi ne GPS, mai sauraren taurarin ɗan Adam ya faɗi inda jirgin yake a doron ƙasa. Ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in sikeli ya karkace: duk lissafin da za a yi a kansa ɓatacce ne, ko da mai lissafin malami ne. Haka ƙwaƙwalwar jirgi take. In ma'auni guda ya yi mata ƙarya, za ta bi ƙaryar da iyakar ƙarfinta har ta kai jirgin bango.

Yadda ake saiti

Doka ta farko, wadda duk masu wannan aiki suka haɗu a kanta: a cire farfela kafin a taɓa komai. Farfelar roba ce, amma in tana gudu tana yanka kamar aska, kuma inji kan tashi ba zato lokacin da ake saiti. Ba a mayar da ita sai an gama komai.

Sannan a ɗaura allon a tsakiyar jirgi. Akwai ƴar kibiya a bisansa, dole ta dubi gaba, haka ma kibiyar da ke bisa GPS. Ba a ɗaure shi tamau da ƙarfe, ana sa masa ɗan soso ko roba mai laushi a ƙasa don kada girgizar injina ta kai gare shi. GPS da kamfas kuma ana ɗaga su bisa ɗan sanda, nesa da manyan wayoyin batir, domin wutar da ke bi cikin wayoyin nan tana jan allurar kamfas.

Daga nan sai a jona allon da kwamfuta a zuba masa manhaja. Masu ArduPilot na aiki da Mission Planner ko QGroundControl, duka kyauta ne. A zaɓi siffar jirgin daidai, mai hannu huɗu ne ko shida. Sai a koya wa ma'aunin karkata mene ne daidai: ana aje jirgin a zaune, sannan bisa gefen hagu, gefen dama, hanci ƙasa, hanci sama, sai a rigingine, wato zama shida, kowane a bar shi ya natsu kafin a danna. Teburin da za a yi wannan a kansa ya zamana miƙaƙƙe ne. In aka yi a bisa tebur mai gurguwar ƙafa, jirgin zai ɗauka karkace ita ce daidai, kullum ya tashi sai ya zame gefe guda.

Saitin kamfas shi ne wanda aka fi yi wa sakaci. Ana fita fili a riƙe jirgin a juya shi ta kowace fuska har manhaja ta ce ya isa. Ba a yin sa cikin shago mai rufin kwano, ko bisa daɓen siminti mai rodi a ciki, ko kusa da mota, ko ƙarƙashin wayoyin NIGELEC, ko kusa da manyan lasifikan biki, waɗanda ke da maganaɗisu a cikinsu. Mai yi ma ya fitar da makullai da salula daga aljihu.

Sai rimot: a motsa kowane sanda zuwa iyakarsa don ƙwaƙwalwa ta san farko da ƙarshensa. Sai a gwada injina ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar kowane yana mazauninsa kuma yana juyawa gefen da zanen manhaja ya nuna. A nan a lura, kowace manhaja da irin ƙidayarta. A wajen ArduPilot inji na 1 shi ne na gaba ta dama, a wajen Betaflight kuwa na 1 shi ne na baya ta dama. Wanda ya kalli bidiyon wannan ya haɗa waccan, ya shirya wa kansa faɗuwa. In inji na juyawa baibai, yana da wayoyi uku, a musanya kowane biyu daga ciki, zai koma daidai.

Mataki na ƙarshe shi ne gaya wa jirgin abin da zai yi in ya shiga matsala. In rimot ya yanke, ya komo inda ya tashi. In batir ya yi ƙasa, ya komo ko ya sauka. Ana kuma iya zana masa shinge, a ce kada ya wuce nisa kaza ko tsawo kaza. Akwai wani abu da ya kamata mutanen Maradi su kula da shi. ArduPilot na zuwa da saitin cewa in jirgi zai komo gida, ya hau mita 15 sannan ya miƙe. Garinmu kuwa gari ne na dogon yaro da gawo, ga benaye, ga hasumiyar masallatai, ga dogayen ƙarafan kamfanonin salula. Jirgin da aka haɗa a gida bai da idon ganin itace, hanya miƙaƙƙiya yake bi. Don haka a dubi abin da ya fi komai tsawo a wurin, a ɗaga lissafin ya wuce shi sosai.

Ranar tashin farko a tafi fili nesa da mutane da dabbobi. A kunna a jira GPS ya kama taurari, shida shi ne mafi ƙaranci, goma ko fiye ya fi kwanciyar hankali, domin a lokacin ne jirgin ke rubuta inda gida yake. A ɗaga shi mita biyu kawai, a duba halinsa, a sauke, a taɓa injina a ji ko sun yi zafi. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar nan.

Cuta da maganinta

Jirgi na nuna ciwonsa ta yadda yake tashi, sai dai a iya karantawa.

In ana ba shi wuta ya kife nan take, kusan kullum ɗayan uku ne: an jona injina ba bisa tsari ba, ko an sa farfelar dama a injin hagu, ko kibiyar allo ba ta dubi gaba ba. Ƙara wuta ba ya maganin wannan, sai dai ƙarin farfela da za a karya.

In ya ƙi kunna injina sam, kada a ce ya lalace. Ƙwaƙwalwa na binciken kanta kafin ta yarda, kuma tana rubuta dalilin ƙinta a fuskar kwamfuta ko salula: kamfas bai daidaita ba, taurari ba su isa ba, batir ya yi rauni. Akwai wurin da ake kashe wannan bincike, kuma masu gaggawa na kashewa. Wanda ya yi haka kamar direba ne da ya ga jar fitila a gaban motarsa ya liƙe ta da takarda ya ci gaba da tafiya.

In an ce ya tsaya wuri ɗaya sai ya fara kewaye, da'irar tana ƙara faɗi kamar shirwa na neman ɗan tsako, kamfas ne ke ƙarya. A maido shi tuƙin hannu da sauri a sauke, a sake saitin kamfas a fili. Wannan ne ya sa dole yaro ya iya tuƙin hannu kafin ya dogara da GPS, don ranar da ma'aunai suka ruɗe, hannunsa ne kaɗai zai ceci jarin.

In yana hawa da sauka da kansa, ko ya yi sama ba a sa shi ba, a dubi abu biyu. Ko iskar farfela da hasken rana na bugun ma'aunin nauyin iska, sai a rufe shi da ɗan soso. Ko kuma girgiza ta yi yawa saboda farfela ta lanƙwashe ko ta tsage, ko wani kusa ya kwance. Farfelar da ta taɓa dukan ƙasa a canja ta, ita ce mafi araha a jikin jirgin.

In yana makyarkyata da sauri kamar mai zazzaɓi, ƙwaƙwalwa na gyara da ƙarfi fiye da kima, sai a rage lambobin gyaran kaɗan-kaɗan. In kuma yana layi a hankali kamar mai jin barci, gyaran ya yi rauni, sai a ƙara. Ba a canja abu biyu lokaci guda, don kada a rasa wanda ya yi aiki. ArduPilot na da tsarin da jirgi ke auna kansa a sama ya zaɓi lambobin, amma yana son ranar da babu iska.

Bugu da ƙari, allon na ajiye rahoton kowace tafiya a cikin ɗan kati irin na salula. In jirgi ya faɗi, a nan ake ganin ko batir ne ya yanke ko inji ne ya tsaya. Wanda ya gyara bai karanta wannan rahoto ba, zai sake faɗuwa a rami guda.

Ƙura, zafi da iska

Waɗanda suka ƙera waɗannan kaya ba su san watan Afirilu a Maradi ba. Yawancin ƙananan jiragen kamfani an rubuta a takardarsu kada a tashe su in zafi ya wuce digiri 40, mu kuwa a bazara muna wuce haka. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela sai ta ƙara wahala kafin ta ɗaga jirgi, batir ya yi saurin ƙarewa. Saboda haka a yi aiki da sanyin safiya ko bayan la'asar, kada kuma a bar jirgi ko batir cikin rufaffiyar mota a rana.

Rairayinmu na da ƙwayoyin ƙarfe a ciki, injina kuma na da maganaɗisu, suna jawo su su maƙale har inji ya fara ƙara. A tashi daga bisa tabarma ko kwali, a kuma share injina da busasshen buroshi bayan aiki, musamman lokacin hunturu. Da damina kuma, in hadari ya haɗo daga gabas a sauke nan take, domin iskar da ke gaban ruwa ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi, za ta tafi da shi yana ji yana gani.

Batir, abin da ya fi shafar kasuwa

Ƴan uwana mata masu rumfa da alhazai masu shago, ko ba ku da niyyar sayen jirgi, wannan sashe naku ne, domin wuta in ta tashi a rumfa guda ba ta tambayar ta wane ce ta gaba. Batirin waɗannan jirage na litiyom ne, mai ƙarfi ƙwarai, kuma in ya huje ko ya sha caji fiye da kima yakan kama da wuta mai wuyar kashewa. Kowane ɗaki na batirin volt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2, kuma ba a son a zuƙe shi ƙasa da 3.5. In za a aje shi kwanaki ba aiki, a bar shi wajen 3.8, kada a cike, kada a wofince.

Ana cajinsa da cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakuna. Ba a jona shi a rufe shago a tafi masallaci ko gida. A sa shi cikin tukunyar ƙasa ko bisa daɓe, nesa da atamfa da katifa da kwalaben fetur, a aje bokitin rairayi kusa. Batirin da ya kumbura kamar fanke ya gama aiki, kada a saya, kada a sayar, kada a bar yara su fasa shi. Masu zuwa sari ta jirgin sama kuma su sani, dokar kamfanonin jirage ita ce batirin litiyom da ba ya cikin na'ura ana riƙe shi cikin jakar hannu, ba a sa shi cikin kayan da ake aunawa, kuma wanda ya wuce awon 100 Wh da ke rubuce a jikinsa sai da izinin kamfani.

Ga mai sari da mai saye

Araha ba ta ado. Har yanzu ana tallar wani tsohon allo mai suna APM 2.6 ko 2.8 da arha, alhali masu ArduPilot sun daina yi masa sabuwar manhaja tun wajen 2015. Wanda ya cika shagonsa da shi ya saro tsohon yayi. Akwai kuma jabun alluna masu kama da na gaske, don haka a sayi ɗaya a gwada kafin a ɗauki kwali.

Ribar wannan harka ta fi yawa a kayan gyara. Jirgi sau ɗaya ake saye, farfela da batir kuwa kullum ana nema. Farfela na da lamba, misali 1045 na nufin tsawonta inci 10 ne, lanƙwasarta 4.5, kuma ana sayar da ita biyu-biyu, ta dama da ta hagu. Wanda ya saro gefe ɗaya kawai ya saro abin da ba mai saye.

Hajiya, in ɗanki ya zo da wannan buƙata, yi masa tambayoyi huɗu kafin ki buɗe lalita. A hannun wa ya koya? Ya taɓa tuƙa ƙaramin na wasa har ya iya sauke shi inda aka nuna masa? In farfela ta karye ko batir ya mutu, ina zai samu wani? Yana da takardar izini? Akwai manhajojin koyon tuƙi a kwamfuta da salula inda mutum zai faɗi sau ɗari bai yi hasarar dala ɗaya ba. Ya fara da wannan. Mai sayen na hannu kuma ya sa a tashe shi a gabansa, ya ga ya tsaya wuri ɗaya, ya ga ya komo gida da kansa, sannan ya ƙirga kuɗi.

Doka da mutuncin jama'a

Sararin sama na da hukuma. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da zirga-zirgar jiragen farar hula, kuma wanda zai yi sana'a da kurman jirgi ya fara zuwa ya nemi izini, ya kuma sanar da hukumomin gari da jami'an tsaro wurin da zai yi aiki. A Najeriya ma tun watan Mayu na 2016 hukumar NCAA ta hana tashin irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Mai ɗauko kaya ta Jibiya da Ɗan Isa ya tambayi ƴan duwan ƙa'ida tun kafin ya saro, kada a riƙe masa kaya a kan iyaka.

Halin tsaron da ake ciki ya ƙara wa maganar nauyi. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin Sahel da tafkin Cadi sun yi amfani da irin waɗannan ƙananan jirage wajen leƙen asiri da kai hari, kuma kowa ya san abin da ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji na bakin iyaka suka sha a hannun ƴan bindiga. Sojan da ya ga jirgi bisa kansa ba zai tsaya tambayar ko na biki ne ba. Don haka a nisanci filin jirgin sama na Maradi, da barikoki, da gidan kaso, da ofisoshin gwamnati, da bakin iyaka. A Tsibiri ko cikin Maradi, wanda zai ɗauki hoton hawan salla ya fara neman yardar fada.

Sai kuma abin da ko doka ba ta faɗa ba, tarbiyya ta faɗa. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, makewayi da yawa ba rufi. Katangar da maigida ya gina don suturta iyalinsa ba ta tare idon da ke sama. Mai ɗaukar hoton biki ya tsaya kan gidan da aka gayyace shi, ya kauce wa na maƙwabta, kada kuma ya tsayar da jirgi daidai kan taron mata da yara, domin abu mai nauyin kilo ɗaya in ya faɗo da farfela na gudu, rauni ne babba.

Bayan biki

Amfanin wannan na'ura ya wuce hoton amarya. A Jiratawa akwai filin noman rani na fiye da eka 500 da aka buɗe a 1982, inda zogale da sauran kayan lambun da mata ke sarowa suke fitowa. Jirgin da aka zana wa hanya zai iya bin fili irin wannan layi-layi yana ɗaukar hoto, a ga inda ruwa bai kai ba da inda tsutsa ta fara ci, kafin mai gona ya gani da ƙafa. Gulbin Maradi da ya ci tsohon gari a 1945 har aka komo bisa tudu, da ambaliyar 2024 da ta yi ɓarna mai yawa a jahar nan, sun isa su nuna mana amfanin taswirar da ke faɗin inda ruwa ke bi. A Ruwanda tun 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitoci da jirage marasa matuƙi, ya shiga Gana a 2019, ya fara aiki a jihar Kaduna a 2022.

Duk waɗannan ayyuka na bukatar wanda ya san ƙwaƙwalwar jirgi ciki da waje, kuma muna da inda za a samo su: ga ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, ga samarin da ke zaune bakin kasuwa suna kwance salula suna mayarwa. Abin da ya rage shi ne iyaye da ƴan kasuwa su tallafa musu da ido buɗe, yaran kuma su yi haƙuri su koya daki-daki, farfela a cire, batir cikin tukunya, takardar izini cikin aljihu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.